Rigar Saƙin Malam Ilya

Stains, farkon Janairu

Gwaggo Kaltouma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Baba Hayatu. Yaya sanyin Lyon, yaya gwiwa, yaya kuma kunnen? Saboda kunnen ne na ajiye waya na ɗauki biro, tunda ranar Salla da na kira, ni ina gaisuwa ke kina tambayar wa ke magana. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki.

Gwaggo, na samu aiki, ko in ce ana gwada ni. Gidan adana hotuna ne a tsakiyar Paris, irin wanda suke ce wa mize. A watan Afrilu za mu buɗe babban nuni na wasu masu zanen hoto da fenti da suka yi zamani sama da shekara ɗari baya. Faransawa na ce musu néo-impressionnistes, amma kada sunan ya dame ki. Abin da suka yi shi ne, sun ƙi cakuɗa fenti. In suna son kore ko launin ruwan teku, ba sa damawa. Sai su ɗiga shuɗi nan, rawaya kusa da shi, ja kaɗan a gefe, ɗigo-ɗigo har hoton ya cika. In kin matsa kusa, ɗigo kawai za ki gani. In kin ja baya, idonki ne zai haɗa su, sai ga kogi, ga jirgin ruwa, ga hasken yamma. Ko inuwa ba sa yin ta da baƙi.

Ranar da na fara tsayawa gaban ɗaya daga cikinsu, Abba na tuna. Rigarsa ta saƙi, wadda yake sawa ranar Juma'a. In na hango shi daga tagar gidanmu yana dawowa daga masallaci, launin hadari gare ta. In ya iso na rungume shi, sai in ga ashe zare fari ne da baƙi a jere, ƙanana kamar jikin zabuwa. Na faɗa wa shugabana, Nicolas, cewa masaƙanmu sun daɗe da sanin wannan dabara. Ya saurare ni, ya ce in rigar tana nan ya ba ni bango guda a ɗakin ƙarshe in rataya ta. Ba su saba ba ɗan gwaji bango ba, Gwaggo.

Na san tun bayan sadakar arba'in ɗin Abba rigar tana wurinki. Ba neman ta nake in riƙe ba, aro nake roƙo, in an rufe nunin zan maido miki da hannuna. Don Allah kada ki wahalar da kanki da komai. Kada a wanke ta, kada a yi mata guga. Yadda take cikin akwatin nan haka nake son ta.

Ɗiyarki,
Bintu

Saint-Fons, ƙarshen Janairu

Ɗiyata Bintu,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, kunne kuma sai abin da ya ga dama yake ji. Maigida ma tarin da ya kwaso a masana'anta yana tashi in sanyi ya shigo, amma da sauƙi. Gaisuwar uwarki na karɓa, ko da yake na san ke kika ƙara ta don takardar ta yi kyau.

Da na ga rubutunki a bayan ambulan gabana ya faɗi, na ce ko rasuwa ko aure. Ashe riga ce ta tuna miki kina da gwaggo. Jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon bai kai tafiyar jaki daga Damagaram zuwa Mirriya ba, amma tun da aka rufe ubanki ƙafarki ba ta tako gidan nan ba. Na faɗa ne don kada ya zauna mini a ciki. Ya wuce.

Batun mutanen naki kuwa, na karanta wa Maigida ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. A garinmu mai fentin da ya bar wa mutum bango ɗigo-ɗigo korarsa ake yi, a nan kuma an gina masa gida ana layi. To, Allah Ya sa albarka a aikin.

Rigar ba ta ubanki ba ce tun farko, ki sani. Ta mahaifinmu ce, Malam Ilya, kakanki. Da ita yake hawa idi. Ranar da ubanki Mika'il zai taho Faransa ya cire ta daga akwati ya ba shi, ya ce ya shiga ƙasar mutane da mutuncinsa. Shi ya sa na ɗauko ta bayan rasuwa, ba don abin da uwarki ta yi ta faɗa wa mutane ba. Kayan gida a gida suke zama.

Jiya na buɗe akwatin na shimfiɗa ta a kan gado. Wallahi sai da na yi kuka, ba don kewa kaɗai ba. Wuyan ya koɗe ya yi fari-fari. Akwai ƙuna a gaba kamar kan yatsa, ga tabon goro a bakin aljihu, ga ƙasan ya zazzage. Ban san haka ya yi ta yawo da ita a Paris ba.

Zan ba ki, tunda jininsa ce ke. Amma ki faɗa mini tukuna: su wa za su gan ta? Turawa kaɗai, ko har da namu? Kuma za a rubuta sunan mai ita?

Gwaggonki,
Kaltouma

Stains, farkon Fabrairu

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Baba Hayatu sannu da tari. Allah Ya ƙara sauƙi. Maganar rashin zuwana gaskiya ce, na karɓi laifi, zan gyara.

Na gode, na gode. Da na karanta cewa za ki ba ni, a cikin metiro nake, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai da wata tsohuwa ta tambaye ni ko lafiya.

Ga amsar tambayoyinki. Suna za a rubuta, da manyan baƙaƙe: Malam Ilya na Birni, Damagaram, da ɗansa Mika'il. Ni na nace a kan haka, don na gaji da ganin kayanmu a gidajen nan an rubuta musu "ba a san mai shi ba". Kuma ba Turawa kaɗai ba ne. Na je wurin Alhaji Ɗanyaro, shugaban ƙungiyar 'yan Damagaram, ya ce zai kwaso mutanenmu na unguwannin Stains da Clichy-sous-Bois gaba ɗaya ranar buɗewa. Ya ce yana yaro ya ga Malam cikin rigar nan a filin idi.

Ƙunar da kika gani na san ranar da aka yi ta. Abba yana fifita gawayin shayi a baranda, Inna tana faɗa wai maƙwabta za su kira 'yan kwana-kwana, tartsatsi ya faɗo masa. Ya ce kada in faɗa mata. Koɗewar wuyan kuwa wurin da nake ɗora kaina ne. Duk waɗannan ina son su, Gwaggo, kada su dame ki ko kaɗan. Akwai wata mata a nan, Clarisse, aikinta ke nan kula da tsofaffin tufafi. Da safar hannu take taɓa su, ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi a kansu. Ita za ta yi duk abin da ya kamata.

Ke dai ki huta, babu abin da za ki yi. Direban mize zai zo da akwati na musamman a farkon Maris, ki miƙa masa kawai.

Ɗiyarki,
Bintu

Stains, ƙarshen Fabrairu

Gwaggo,

Ina fatan kuna lafiya. Shiru ya yi yawa. Na kira wayar Baba Hayatu, ya ce kina cikin aiki ba za ki iya zuwa ba, na ce wane aiki, ya ce in bari in gani. Na ji ana buga wani abu a bayansa kamar ana daka.

Ko na faɗi abin da ya ɓata miki rai? In haka ne ki yafe mini. An riga an shafe bangona da fenti fari, an sa fitila, an buga sunan Malam da na Abba. Direba zai zo ranar Talata mai zuwa.

Bintu

Saint-Fons, farkon Maris

Ɗiyata Bintu,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu ƙalau, sai dai bayana da ya ƙage da kafaɗa da ba ta ɗaguwa, amma ciwon daɗi ne. Wannan takarda tana cikin akwatin da direbanku ya kawo. Yaro ne mai ladabi, ya ƙi cin abinci dai.

Ba fushi nake ba, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce kada in wahalar da kaina, kin sake faɗa, har da cewa kina son ƙuna da tabo. Na ce wa Maigida, ka ga yarinyar nan duk da zaman Paris ba ta rasa kara ba. Ta san rigar ta lalace, ta san zan ji kunya, shi ya sa take lallashina. Allah Ya yi miki albarka. Amma ƙaramin da ya ce wa babba ya huta ya yi nasa, saura na babban. Sunan mahaifina a bango da manyan baƙaƙe, Alhaji Ɗanyaro da matansa suna tsaye, a ƙasa kuma tsumma? Washegari labari ya isa Birni, a ce 'ya'yan Malam suna Turai sun rasa mai rufa wa rigarsa asiri. Ba da raina ba.

Bari ki ji abin da na yi. Na fara wanke ta da sabulu mai kyau har ruwan ya fita fes. Na yanke wuyan da ya mutu na sa sabo, na toshe ƙunar, na kalmashe ƙasan. Sannan na yi mata abin da uwarmu take yi wa rigunan Malam in sun tsufa, wato na mayar da ita marina. Marina a Saint-Fons kuwa ita ce bahon wankanmu. Galura na samo a shagon wani Balarabe a cikin Lyon, shuni kuma ƙawata Hajiya Sabuwa ta ba ni daga wanda ta zo da shi daga gida. Tsomawa ta farko farin zaren ya ƙi ɓuya, yana ta leƙowa. Na sake, na kuma sakewa, sai da ya mutu gaba ɗaya. Maigida ne yake juya mini da sandar tsintsiya, yana mita wai ya bar masana'anta ga shi ta biyo shi gida.

Bugu ne ya fi ba ni wahala. Babu mabugi a ƙasar nan, sai na shimfiɗa ta a kan katako na yi da taɓarya. Matar da ke ƙasanmu ta hau tana masifa, na nuna mata kunnena na ci gaba.

Ki buɗe ki gani. Tana ƙyalli kamar ranar da aka saye ta, in ma ba ta fi ba. Hannuna har yanzu shuɗi ne, matan unguwa suna ta yi mini tsiya. Ki gaya wa madam mai safar hannu ta huta, an gama mata aikinta.

Gwaggonki,
Kaltouma

Stains, tsakiyar Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fatan baya da kafaɗa sun saki.

Na fara takardar nan na yaga ba sau ɗaya ba. Ba a koya mini yi wa babba magana da zafi ba, amma in na yi shiru ƙarya zan yi miki.

A gaban Nicolas da Clarisse aka buɗe akwatin. Na riga na cika su da labari, kowa ya matso. Clarisse ta ɗaga takardar da aka lulluɓe rigar da ita, sai ga wani abu baƙi wuluk yana ƙyalli. Na ɗauka direba ya yi kuskuren gida. Sai na ga takardarki a gefe. Nicolas ya tambaye ni abin da ta ce, na tsaya ina karantawa a zuci su suna kallona, ban iya fassara ko layi ɗaya ba.

Babu wanda ya yi mini faɗa, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Clarisse ta kai ta ƙarƙashin madubinta mai ƙara girman abu ta daɗe tana dubawa. Na tambaye ta ko za a iya fitar da rinin. Ta ce: "Ya shiga cikin zaren, Bintu. Duk abin da zai cire shi zai tafi da na asalin."

Gwaggo, farin zaren da kika ce ya ƙi ɓuya, shi ne dalilin komai. Shi na roƙa. Saboda shi aka ba ni bango. Ban yi miki kara ba, ban lallashe ki ba. Na rubuta kada a wanke, ina nufin kada a wanke. Na rubuta ina son ƙunar, ina nufin ina son ta. Wane irin yare ya kamata in yi da za ki yarda abin da na faɗa shi nake nufi?

Da suka fita na zauna ni da ita. Na nemi wurin da nake ɗora kaina, na tarar da sabon ƙyalle. Na sa hancina, ƙamshin turarensa da na shayi babu, sai warin galura. Bangon bai dame ni kamar wannan ba. Shekarun nan duka ina kwantar da raina da cewa tana can Lyon cikin akwati, yadda ya bar ta, duk ranar da na shirya zan je in gan ta. Shi ya sa ma ban zo ba, in kina son sani. Ban shirya ba ne.

An kankare sunan Malam da na Abba daga bangon jiya.

Bintu

Saint-Fons, ƙarshen Maris

Bintu,

Na amsa gaisuwarki, gajeriya yadda kika aiko ta. Kafaɗa ba ta saki ba, tunda kin tambaya.

Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ashe haka ake gode wa mutum a Paris. Na ba da bayana da hannuna da barcina, abin da na samu shi ne ɗiyar ƙanena tana tambayata wane yare nake ji. Hausa nake ji, Bintu, irin wadda aka haife ni a cikinta. A cikinta in baƙo ya ce ya ƙoshi ana ƙara masa tuwo. In yaro ya ce wa babba kada ya tashi, babban yana tashi. Ke ce kika koyi wata Hausar da kowace magana take tsirara, kuma ba ki aiko mini da sanarwa ba.

Kina maganar ubanki kamar ke kaɗai kika rasa shi. Ni na goya shi. Ni na san rigar nan tun kafin a san za a haife ki. Malam bai taɓa fita da koɗaɗɗiyar riga ba, ko a shekarar yunwa da muke cin abin da ba a faɗa. Uwarmu takan hana cikinta ta kai rigarsa marina, don kada a gane halin da gida yake ciki. Wannan ƙunar da kike kuka a kai, ni abin da na gani a cikinta shi ne ƙanena ya yi shekaru yana shiga sahun Juma'a da huda a ƙirji, a gidan da akwai mace da ɗiya da allura. Ke kin ga shayi a baranda. Ni na ga mutumin da ba a kula da shi ba.

Kuma ki faɗa mini, Turawan naki me suke so su kalla? Sun tara hotunan kakanninsu cikin firam na zinariya, namu kuma sai ya zo da tabon goro kafin ya yi musu kyau? Ga riga mai mutunci an kai musu, sun kankare sunan mai ita. Wannan bai ba ki haushi ba, ni ce na ba ki.

In ba ta yi musu ba, a maido mini da kayana. Akwatinta yana nan.

Kaltouma

Stains, tsakiyar Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Inna ba ta aiko da gaisuwa ba, ban kuma ƙara ba.

An buɗe nunin. Nicolas ya aro wata rigar saƙi daga ɗakin ajiyar wani mize, wadda wani sojan mulkin mallaka ya zo da ita tun da daɗewa. Ita ce a bangon. A ƙarƙashinta an rubuta ba a san mai ita ba. An ba wani ya ƙarasa aikin ɗakin, ni kuma ina zagayawa da baƙi ina yi musu bayani.

Alhaji Ɗanyaro ya zo da mutanensa kamar yadda ya yi alkawari, sun sha manyan kaya. Ya duba bangon ya duba ni, ya ce ina ta Malam. Na ce ba ta samu isowa ba. Ban faɗi sunanki ba, asirin gida yana rufe yadda kike so.

Ga koli nan, wato ƙunshi, ta gidan waya. Na maido miki rigarki. Na sa tikitin shiga biyu a ciki, ba don komai ba, ana ba kowane ma'aikaci ne kuma ba ni da wanda zan ba.

Bintu

Saint-Fons, watan Mayu

Ɗiyata Bintu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki. Ki gaishe ta, wannan daga bakina ne. Mu muna nan. Tarin Maigida ya lafa da ɗumin da aka samu.

Koli ta iso. Tikitin na jefa cikin kwandon shara, Maigida ya tsince su ya ajiye. Ranar Asabar da ta wuce ya tashe ni da asuba ya ce in shirya. Na yi ta faɗa har tasha, na yi ta faɗa cikin jirgi, shi yana kallon taga. Mun zo Paris, Bintu. Mun shiga mizen naki.

Na shiga ne da niyyar in ga abin da zan rena. Hoton farko na matsa har mai gadi ya ɗaga mini hannu. Ɗigo ne kawai, yadda kika ce, kamar an watsa gero da dawa a tabarma. Na ce wa Maigida ka gani ko. Sai ya kama mayafina ya ja ni baya, ya ci gaba da ja. Ban san lokacin da ya zama ruwa ba. Ruwa ne sosai, da rana tana faɗuwa a kansa, har ina jin kamar zai motsa. Na koma kusa ya watse, na dawo ya haɗu. Na yi haka har gwiwata ta gaji. Akwai wani na mata a gindin itace, inuwarsu shuɗiya da ja-ja, na rantse daga nesa inuwa ce kamar kowace inuwa.

Daga nan muka shiga ɗakin ƙarshe. Tun daga ƙofa na hango ta, ban san lokacin da na ce "Baba" da ƙarfi ba, har wata mata ta juyo. Launin nan ne, Bintu. Launin da nake hangowa daga zaure in Malam yana tahowa daga idi. Na manta da shi. Wallahi na manta riga tana iya yin haka, don shekara da shekaru a ninke nake ganin riga, a kan cinyata, ina neman inda ta lalace. Ta bangon ta fi tamu tsufa, ta fi ta huda. Har yanzu ina cewa da mai ita yana da dangi da ba a rataya shi haka ba. Amma ita tana da launin, tamu babu.

Na gan ki. Kina tsaye da wasu 'yan lakwal, yaran makaranta, kina nuna musu da hannu, kin rame. Maigida ya ce mu je, na ce a'a. Ban san da wace fuska ba.

Da muka dawo na kasa zama. Na ce madam mai safar hannu ba ta san komai ba, ni da na sa rinin ni zan fitar da shi. Na jira Maigida ya tafi masallaci, na ɗauko ruwan jabel, wanda ake fitar da tabon farin kaya da shi, na zuba a kwano, na tsoma gefen hannun rigar, wurin da ba ya nunawa. Na ce in farin ya dawo a nan sai in yi mata duka, in kawo miki da kaina kafin a rufe nunin. Na tsaya a kai ina kallo. Baƙin ya fara saki, raina ya yi fari, na ƙara tsomawa. Sai rinin asalin ma ya bi shi. Wurin ya koma launin ƙashi, babu fari babu baƙi. Da na ɗaga in matse, zaren ya rabu a hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Yanzu akwai huda a hannun rigar da tafin hannuna zai wuce ta ciki. Na ɗauko allura na zauna, sai na tuna abin da allurata ta riga ta yi, na mayar da ita cikin gwangwani. Rigar tana kan gado tun ranar, mu muna kwana a falo. Ban san abin da zan yi da ita ba, kuma wannan karon ba zan taɓa ta ba sai kin faɗa.

Ki rubuto. Duk abin da kika rubuta, shi zan karanta.

Gwaggonki,
Kaltouma